Rasuwar Malamar Ɓeraye da Dalilin Toshe Kunnuwanmu

Cikin alhini da karayar zuciya, tare da neman afuwar manya bisa ƙarfin halin da na yi na ɗaukar biro alhali ban kai ba, Ƙungiyar Ɗalibai Masu Binciken Kimiyya ta makarantarmu ta samu labarin rasuwar uwar ƙungiya, malamarmu ta ilimin halittu, wadda Allah Ya yi wa cikawa bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An ɗora mini rubutun nan ne domin ni ce kakakin ƙungiya, kakakin ma an zaɓe ni ne ranar da ban zo makaranta ba.

Marigayiya Malama ta karɓi ɗakin gwaje-gwajenmu yana ma'ajiyar karyayyun kujeru, ta share shi da hannunta, ta gyara famfo, ta jera keji a gindin taga. Ita ta koya mana ɗaukar ɓera ba tare da ihu ba, tana cewa, "Kwa yi tsalle ku gaji, shi ma tsoronku yake ji." A bayan idonta ana kiranta Malamar Ɓeraye. Ta sani, kuma tana amsawa.

Aikinta na ƙarshe tambaya ce da ta daɗe tana cinta, tun lokacin da aka yi mata tiyata tana ɗauke da cikin fari: shin maganin sa barci da aka bai wa uwa mai ciki yana taɓa ƙwaƙwalwar abin da za ta haifa? Likitan dabbobi ya bai wa wasu ɓeraye masu ciki maganin, wasu bai ba su ba. Da aka yaye 'ya'yan, Malama ta kore mu waje, ta rufe ƙofa, ta shafa wa wutsiyar wasu jan fenti, wasu shuɗi. Namu aikin shi ne mu sa su cikin akwati mai lunguna, abinci na can ƙurya, mu ga wa ke saurin gane hanya, wa kuma ke tuna ta bayan an kwana biyu. Amma ta ƙi gaya mana wane launi ne 'ya'yan masu magani. Cewa take, "Ido maƙaryaci ne in ya san abin da yake nema. In kun sani, ko ku tausaya wa ɓera, ko ku yanke masa hukunci tun bai shiga akwati ba." Mutum ɗaya ta gaya wa, a wajen makaranta, wato maigidanta.

A nan ne ƙungiya take son yin bayani a kan abin da ya faru ranar da muka je gaisuwa, domin maganar ta ishe mu. Muna durƙushe a falo, Baba maigidan Malama ya share hawaye ya ce, "'Ya'yana, ta bar mini amanarku, gara in sauke. Ta ce masu jan wutsiya su ne..." Bai ƙarasa ba shugabar ƙungiyarmu ta cusa yatsu a kunne. Muka bi ta. Ma'ajiyar kuɗinmu ta shiga waƙa ƙasa-ƙasa don kada ta ji, muka fice a guje, wasunmu da takalma a hannu, a gaban dattawa cike da ɗaki. Mun san abin bai yi kyan gani ba.

To amma tun daga ranar an ce ba mu da tarbiyya, an ce iska ce ta buge mu, an ce warin ɓera ne ya taɓa mana kai. Babu wanda ya tambaye mu. Mun je ofishin Shugabar Makaranta mu yi bayani, aka ce mu dawo gobe, goben ta yi aka manna takardar dakatar da ƙungiya, aka ce a fitar da ɓerayen kafin hutu. Mai gadi har ya fara yi mana tayin kyanwarsa. Gwajin tuna hanya kuwa bai ko kai rabi ba. Da mun tsaya mun ji ƙarshen maganar Baba, da mun fita da sunan yara masu ladabi, aikin Malama kuma ya tashi a banza. Abin da ta koya mana muka yi, kuma gaskiya mun gaji da maimaita wannan ga mutanen da ke tafiya tun ba mu kai tsakiyar zance ba. Muna roƙon Shugabar Makaranta, cikin girmamawa, ta bar mana kejin nan har mu gama.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga Baba, da 'ya'yan Malama, da mahaifiyarta, da 'yan'uwa, da malamai abokan aikinta. Allah Ya jiƙanta, Ya gafarta mata, Ya haskaka makwancinta, Ya sa abin da ta koyar ya zame mata sadaka mai gudana. Allah Ya ba iyalinta haƙuri da juriyar wannan babban rashi, Ya raya abin da ta bari.

Baba, ka yafe mana. Mun san amanar ta yi maka nauyi, amma muna roƙo ka ƙara riƙe ta, kada ka gaya wa kowa, ko da Shugaba ce ta tambaya. In ka ba ni izini, ranar da ɓera na ƙarshe ya fito daga akwati zan sake rubuto maka. Sannan mu zo mu durƙusa a inda muka tashi, hannuwanmu a kan cinya, ka ƙarasa mana maganar.

Sa hannu:
Ɗalibar da Malama ke kira Shiru-shiru,
Kakakin Ƙungiyar Ɗalibai Masu Binciken Kimiyya.