Ruwan da Ya Daskare a Lagireto

Riyad, 19 ga Janairu, 2025

Zuwa ga Basiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen garejinka a Funtuwa. Yaya ƙafar nan da aka ce tana damunka? Allah ya ƙara sauƙi. Ni dai ina nan.

Shekara goma sha shida ke nan da na rubuta maka cewa ƙanwarka Zaituna ta rasu a hannuna, har yau ban ga ta'aziyyarka ba. Wanda na ba wasiƙar ya rantse min a hannunka ya sa ta. An kuma kawo min abin da ka faɗa a gidanku, wai na ɗauke ta da sunan matar malami, na mayar da ita matar direba, ta mutu a ɗakin haya. Ban manta ba. Wannan takardar hotonta zan ɗauka in turo maka ta waya, don kada a ce ta ɓata a hanya.

Na rubuto ne saboda a-kori-kurar da nake tuƙawa ta lalace, kuma da hannunka a ciki.

Ka tuna muna samari, ina zuwa garejin ubangidanka da littafin nahawu a hammata, kai kana kwance ƙarƙashin mota? Kai ka koya min cewa koren ruwan da ake zubawa a lagireto na ƙasashen Turawa ne, mu 'yan rana ruwan famfo ya ishe mu. Ni da na yi shekara huɗu a jami'a ana koya min kada in karɓi magana sai na binciki wanda ya ruwaito ta, wannan na karɓe ta hannu biyu. Shekara ashirin da biyu ina zuba wa motar nan ruwan famfo, ban ga laifinsa ba.

Bana 'ya'yan kafilina, wato Balaraben da ya ɗauke ni aiki, suka mayar da raƙumansu arewa, can bayan Rafha. Makon jiya aka aike ni in kai musu abinci, na kwana a tantin makiyaya. Da asuba na karkata buta, ruwa ya ƙi fitowa, ya zama dutse. Har dariya na yi. Sai da hantsi na ga ruwa yana ɗiga ƙarƙashin motar. Na cikin injin shi ma ya daskare, ya kumbura, ya tunkuɗo ɗaya daga marufan nan masu kama da kwabo, ya tsaga jikin injin tsawon ɗan yatsa. Tun ina aji uku aka koya min ruwa yana ƙara girma in ya daskare. Na ma ci jarrabawar. A bayan babbar mota aka dawo da mu Riyad, ni da ita.

Ga inda abin yake. Tsohon kafilina ya rasu bara. Yana son motar nan, kuma kafin ya cika ya ce wa 'ya'yansa kada su sallame ni muddin tana tafiya. Ba su da bukatata, suna da sababbin motoci da direbobi masu ƙarfin ido. Babban ɗan ya gaya min cikin ladabi cewa iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, za ta ƙare a ƙarshen Sha'aban. In motar na tafiya zai sabunta, in ba ta tafiya zai yi min takardar fita ta ƙarshe.

Za ka ce in dawo gida mana. Zaituna tana maƙabartar Al-Oud. A nan ba a rubuta suna a kabari, dutse ne a kai, dutse a ƙafa, dubbai iri ɗaya. Duk waɗanda muka binne ta tare sun koma ko sun mutu. Ni kaɗai na san nata, kuma kowace Juma'a ina zuwa.

Kai bakanike ne. Walda tana riƙe irin wannan tsagewar? Iyakar tambayata ke nan.

Ka gai da mutanen gida.

Mijin ƙanwarka,
Tamimu

Riyad, 9 ga Fabrairu, 2025

Basiru,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kowa lafiya. Na ga alamar saƙon ta yi shuɗi tun ranar da na tura, na san ka karanta. Ba komai, na saba.

Da ban ji daga gare ka ba, na kai motar unguwar garejoji wajen wani Mahamadu, mutumin Tawa ta Nijar, mai walda, tsarana ne ko ya ɗan girme ni. Da na faɗa masa abin da ya faru ya yi dariya har ya zauna a kan taya, ya ce duk malantar nan tawa ashe ban kai jarkar koren ruwa ba. Ban ji haushi ba. Rabon da wani ya zolaye ni da Hausa har na manta.

Ya ce a nemi tsohon inji a sa mata. Kwana uku muna yawo a filin da ake zubar da matattun motoci, irin tata ta ƙare a ƙasar. Guda ɗaya muka samu, da muka juya shi sai ga tsagewa a daidai wurin da tawa take. Mahamadu ya ce ba shakka wannan ma Bahaushe ne ya tuƙa ta.

Sai muka koma ga walda. Muka sauke injin, muka kwance shi kaf, na wanke da fetur da hannuna. Ya huda ƙaramin rami a kowane bakin tsagewar don kada ta ci gaba, ya gasa ƙarfen a hankali, ya riƙa ɗinkewa kaɗan-kaɗan yana bubbugawa da guduma. Da ya gama muka binne shi cikin yashi mai zafi ya huce da kansa, don in ya sha iska zai sake tsagewa. Na zauna gefen tudun yashin nan har la'asar. Ba sai na gaya maka abin da ya tuna min ba.

Ranar Laraba muka ɗaura. Sabon gasket, sabon baƙin mai, na zuba mata koren ruwa karo na farko a rayuwarta. Bugu biyu ta tashi. Basiru, na kifa kai a sitiyari na daɗe ban ɗago ba.

Juma'a na je Al-Oud da ita. A tsaye a wurin na tuna wani abu da ya kamata ka sani. Lokacin da Zaituna take koyon karatun Larabci, komai ta gani sai ta karanta. Wata rana na buɗe gaban motar, ta karanta 'yar takardar da ke manne kusa da lagireto, ta ce ai an rubuta kada a zuba ruwa zalla. Na ce mata kai ka ce a zuba. Ta saki murfin ta ce, “In Yaya ne ya faɗa, to ya fi su sani.” Har ta rasu ba ta yarda kana kuskure ba, ko a kan shirun da ka yi mata bayan aurenmu. Kullum cewa take aiki ne ya yi maka yawa.

Na ce da hannunka a ciki. Na janye rabin maganar. Ni ne mai karatun, takardar kuma tana gabana shekara ashirin da biyu.

Ka huta lafiya.

Tamimu

Riyad, 24 ga Fabrairu, 2025

Basiru,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina yi maka barka da shirin azumi.

Kwana goma sha biyu motar ta yi tana tafiya. Ranar Litinin da ta wuce, a tsakiyar unguwar Ulaya, farin hayaƙi ya turnuƙe bayanta. Na zaro sandar gwada mai, ta fito kamar an tsoma ta a shayi da madara. Waldar Mahamadu ba ta saki ba. Ashe akwai wata tsagewar a can ciki inda ido ba ya kaiwa, ruwa yana bi yana shiga mai. Ya ce wannan ba mai ɗinke ta. Ya ƙi kallona da yake faɗa.

Ɗan kafilina bai zalunce ni ba, abin da ya ce shi ya yi. Jirgina ranar uku ga azumi. Kada ka damu, ba Funtuwa zan sauka ba.

Na so in nuna wa Mahamadu kabarin Zaituna, sai ya ce shi ma bayan aikin Hajji zai koma Tawa. Saboda haka kai zan rubuta wa, ko ka amsa ko kada ka amsa. In ka shiga ta ƙofar gabas, layi na goma sha ɗaya, kabari na bakwai daga bango. Dutsen kan yana da ɗan ja a gefe guda. Ruwan sama yana kawar da duwatsun, ni nake mayar da su. Ban san damina nawa za su yi ba tare da ni ba.

Allah ya sa mu ga watan lafiya. Ka gai da iyali.

Motar an kai ta filin matattun motoci jiya. Iƙamata ta kusa ƙarewa. Juma'a ɗaya ta rage min a wajen Zaituna.

Tamimu