Matakalar Ƙasa

Sirajganj.

Jobbar Bhai, yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Bhabi da yara can Dhaka.

Ka san ni. Shan inna ya cinye min ƙafafu tun ina rarrafe, amma ban taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Keken da nake tuƙawa da hannu, ni na ƙera abina. Na koyi gyaran injin ban ruwa ba tare da maigida ba, na buɗe shago, na aurar da 'ya'ya mata biyu, na rufa gidana da kwano. Hatta famfon alwala na sabon masallacinmu, hannun nan ne ya kafa shi.

Jiya aka buɗe masallacin, na je da fararen kayana. Sai ga matakala ƙiƙam a gabana, tsayinta ya wuce kaina. A tsohon masallaci jan jiki kawai nake yi, sai sahun farko. Kai ne shugaban kwamiti. Ina tawa hanyar?

Ka huta lafiya.
Mofizul Haque

*

Dhaka.

Mofiz ɗan'uwana,

Wa alaikumus salam. Bhabinka na gaishe ka, ta ce har yanzu kanka ya fi injinanka tauri.

Ka manta shekarar da kogin Jamuna ya cika, muka kwaso tabarmi da Alƙur'anai a kwalekwale? Dole aka ɗaga ginin. Wallahi akwai gangarar kekenka a zanen farko. Amma dattawa suka ce taya tana kwaso najasar titi, kuma wurin ya fi dacewa da ajiye takalma. Ka san ba a musu da su.

Na shirya samari za su riƙa ɗaukarka kowace Juma'a, su ma su samu lada. Sunanka kuma zai hau farin dutsen da ke cikin masallaci, tare da na manyan gari. Ka sassauta, don Allah.

Yayanka,
Abdul Jobbar

*

Bhai, salam.

Ni ba buhun shinkafa ba ne, kuma ba gonar ladan kowa ba. Tun rasuwar mahaifiyata ba wanda ya sake ɗaukata.

Yau na bi Juma'a a waje, a tsakiyar takalma, ruwa na dukana. Khalek mai shayi ya leƙo ya ce, "Kawu Mofiz, tunda kana nan, kula min da silifas ɗina, sababbi ne!" Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi. Na kuma kula masa da su.

Dutsen nan na ciki, ba zan taɓa ganinsa ba. Ka sa a sassaƙa sunana a matakalar ƙasa, cikakke, Mofizul Haque Talukdar, inda duk mai cire takalmi sai ya sunkuya ya karanta. A ƙarƙashinsa a rubuta: Ya kawo nan da kansa.

Allah ya bar zumunci.
Mofiz