Mutumin da ke Tsaye a Bakin Ƙofa

Hobart, 3 ga Yuni

Darcy ƙanena,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya. Wasan kwamfutar da ka aiko na buga shi har ƙarshe, kuma raina ya ɓaci.

Ka tuna na farkon, inda muke Wren, yarinyar da ke neman ubanta da ya gudu? Muna buga shi muna zagin mutumin, muna samun sauƙi. To wannan ya koma baya, ya mai da ni uban, a makon da zai tafi. Ni ce mai dafa mata ƙwai, ni ce mai taje mata kai. Sau uku na sake shi daga farko ina canza zaɓi, kowace hanya bakin ƙofa take kai ni da jaka a hannu. Zanen ya yi kyau, kiɗan ma haka, amma wasan wayo ne. Masu shirya shi so suke in tausaya wa uban.

Na san dalilin da ya sa ka aiko. Ba zan zo ba.

Yayarki a wahala,
Narelle

Kalgoorlie, 10 ga Yuni

Yaya Narelle,

Gaisuwa mai yawa. Kin kama ni, ba zan musa ba. Kuma ni namiji ne, "yayarka" za ki rubuta, fushi ya kwashe miki alƙalami.

Likita ta ce ƙurar ramin zinariya ta gama da huhun Baba, saura makonni. Ya gan ni ina bugawa, ya ce in ba shi. Ya shafe awa guda a wajen tajewar kan nan. Da na ce ya wuce gaba, sai ya ce, "Na Narelle ya fi wannan gardama."

Ki huta lafiya,
Darcy

Hobart, 16 ga Yuni

Darcy,

Ina amsawa. Shekara ashirin da biyu bai nemi kaina ba, yanzu ya samu na kwamfuta wanda ba ya kuka. Ina da shekara tara ya ce mini Asabar zai dawo, na zauna a kan matakala har Mama ta janye ni. Har yau abin na cin raina.

Abu ɗaya nake so in sani. A bakin ƙofa wasan yana ba da biyu: ka yi wa Wren ƙaryar za ka dawo, ko ka fice ba magana. Wanne ya danna?

Narelle

Kalgoorlie, 22 ga Yuni

Yaya,

Bai danna ba. Ya ajiye rimot ɗin wasan, ya hana a kashe talabijin ɗin da muke buga shi a kai. Yau kwana huɗu mutumin yana tsaye da jakarsa, yarinyar na kallonsa. Baba ba ya iya tashi zaune yanzu, sai na juya gadonsa ya fuskance su.

Ƙanenki,
Darcy

Hobart, 26 ga Yuni

Darcy,

Ban yafe ba. Kada ka kashe talabijin ɗin. Ka gaya masa Asabar zan iso.

Narelle