Daƙiƙa Talatin na Kyaftin Radenko

Daga Ƙungiyar Zakarun 1969 da Iyalansu, Lipograd, zuwa ga iyalan marigayi da ɗaukacin jama'ar gari.

Cikin alhini da nauyin zuciya, da kuma ɓacin ran da ba mu ga dalilin ɓoye shi ba, wannan ƙungiya ta karɓi labarin rasuwar Shugabanta na dindindin, tsohon Kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon kwando ta maza ta Jami'ar Lipograd, mai riga lamba tara, Injiniya Radenko Obradov, wanda tsararsa ke kira Zalɓe saboda tsawon ƙafa, wanda Allah ya karɓi ransa ranar Lahadi da hantsi a asibitin gari, yana da shekara saba'in da takwas, bayan jinyar wata biyu. Ya bar mai ɗakinsa, uwarmu Goggo Milunka Obradov, da 'ya'ya biyu da jikoki biyar, da abokan wasa huɗu da suka rage cikin su goma sha biyu.

Waɗannan dattawa huɗu, wato kakana Tihomir Lazin, da Mai Shari'a Borislav Kesic mai ritaya wanda muke kira Kawu Boro, da Kawu Sreten da Kawu Gavro, su suka umarce ni da rubuta wannan sanarwa. Sun ce in rubuta komai, kada in sassauta wa kowa.

Duk wanda ya girma a garin nan ya san kakar wasa ta 1968 zuwa 1969, ko da kuwa a bakin kakarsa ya ji. A waccan shekara ne samarin jami'armu, ƙarƙashin jagorancin marigayi, suka buga wasa ashirin da huɗu a gasar jami'o'in ƙasa, suka ci ashirin da uku, ɗayan da suka rasa kuwa har yau Kawu Gavro na cewa alƙalin wasan surukin kocin abokan hamayya ne. Ba su da motar kansu. A jirgin ƙasa suke tafiya, a tsaye cikin lungu, da burodi da tsiran nama a naɗe cikin jarida. Rigunansu iyayensu mata ne suka ɗinka lambobin da hannu, shi ya sa babu lamba biyu masu girma ɗaya a hoton nan da ke rataye a kowane shagon aski na garin nan. Hatta daɓen katakon zauren wasan su suka shimfiɗa da hannunsu, a watan Oktoba kafin a fara gasar, da dogayen katakai da aka yanko daga dajin bayan gari.

A cikin katakan nan akwai guda ɗaya, a kusurwar hagu ta kwandon da ke wajen murhun ɗumama zauren, wanda suke kira matacce, domin in aka buga ƙwallo a kansa ba ta dawowa hannu, sai ta kwanta kamar an jefa jiƙaƙƙen tsumma. 'Yan gida sun san shi, baƙi ba su sani ba. Marigayi ya ƙware wajen kora abokin hamayya zuwa wurin a hankali, kamar makiyayi da tunkiya, kuma da haka aka ci wasan ƙarshe. Saura daƙiƙa takwas, jami'ar babban birni na gaba da maki ɗaya kuma ƙwallo na hannunsu, sai Kyaftin ya tare ɗan wasansu ya karkata shi zuwa kusurwar. Ƙwallo ta faɗi a kan matacce ta ƙi tashi. Ya sure ta, ya ratsa filin da taku bakwai, ya zura. Saba'in da ɗaya da saba'in. Shekara da shekaru marigayi yana tsokanar Kawu Boro da cewa shi ya shimfiɗa wannan katako, kuma ha'incin aikinsa ne kaɗai abin kirkin da ya taɓa yi wa ƙungiya.

Wadda ta rubuta makin nan da alli a kan allo ranar, wata ɗaliba ce mai suna Milunka. Kakar wasa guda cur tana tsaye a gefen fili da alli a hannu, kuma Kyaftin ɗin da ke daka wa ƙarti tsawa bai taɓa iya ce mata ko sannu ba. Ranar nan, jama'a na ihu suna neman ɗaga shi sama, ya zame ya je gabanta, ya ciro hankicinsa ya goge mata farin allin da ke yatsunta, ɗaya bayan ɗaya, har goma. Dattawa sun ce in cire wannan, wai ba a sa irinsa a ta'aziyya. Na bar shi, domin ban taɓa karanta wanda ya kai shi ba ko a littafi.

Jama'a sun san al'adar wannan ƙungiya. Tun rasuwar na farko a cikinsu, duk wanda ya riga mu gidan gaskiya sai an biya da akwatin gawarsa ta zauren kafin a wuce maƙabarta, a ajiye shi a kan katakon, a da'irar tsakiya, na daƙiƙa talatin, iyakar lokacin da dokar wancan zamani ta ba ƙungiya ta riƙe ƙwallo kafin ta jefa. Waɗanda suka rage sai su kewaye shi suna miƙa wa juna ƙwallo har lokacin ya cika. An yi wa mutum bakwai haka, kuma marigayi ne ya ɗauki gaban akwatin duka bakwai ɗin a kafaɗarsa. Abu ɗaya ya roƙa a gadon asibiti. Ya ce wa mai ɗakinsa, «Milunka, ban damu da furanni ba, ban damu da jawabi ba. Daƙiƙa talatin ɗina kawai.» Ta yi masa alkawari.

Abin da bai sani ba, kuma muka ɓoye masa har ya cika, shi ne mako uku da suka wuce mai girma Daraktan Wasanni na jami'a, wanda ba za mu sa sunansa a takarda ɗaya da sunan marigayi ba, ya sa an ɓamɓare daɓen nan gaba ɗaya domin a shimfiɗa na roba, ba tare da ya aiko wa wannan ƙungiya ko da layi ɗaya ba.

Duk da haka, ranar Litinin da safe Goggo Milunka ta sa baƙaƙen kayanta, ni da kakana muka raka ta ofishinsa, domin ta roƙi ko a kan siminti ne a bar marigayi ya shiga zauren. An bar tsohuwa mai shekara saba'in da bakwai, wadda mijinta bai kwana biyu da cikawa ba, zaune a benci awa biyu. Da aka shigar da mu mai girma Darakta bai tashi ba, bai ajiye wayarsa ba. Ya ce, «Mama, ki yi haƙuri, nan jami'a ce, ba maƙabarta ba. In kowa ya ce zai kawo gawarsa, ina za mu sa ɗalibai?» Sannan ya juya ga sakatariyarsa ya tambaya, a gabanmu, «Wai ƙwallon me ma suka buga?» Kakana ya dogara sandarsa ya ce masa, «Yaro, lokacin da muke cin wasa a ginin nan, ubanka bai daina fitsarin kwance ba.» Goggo kuwa godiya ta yi masa, ta miƙe. Ni kuwa kaina a sunkuye, ina kallon takalmansa masu ƙyalli. Abin da na kasa faɗa ranar shi nake rubutawa yanzu: mai girma Darakta, abin da ka yi rashin kunya ne, kuma ka yi shi ne saboda ka ga tsofaffi ne da yarinya a gabanka.

Bai tsaya nan ba. Da yammacin ranar ofishinsa ya buga takardar sanarwar rasuwa mai baƙin gefe, cike da «gwarzonmu» da «abin alfaharinmu», aka liƙa a jikin itatuwan babban titi da ƙofar coci. Hoton da ke kai ba na marigayi ba ne. Sun yanko mutumin da ke tsaye kusa da shi a hoton ƙungiya, wato kakana, wanda ke raye. Kafin rana ta faɗi maƙwabta sun cika ƙofar gidanmu da kyandir da kofi suna kuka, suka tarar da shi a tsakar gida cikin singileti yana fiƙe katako. Wata ta saki farantin da ke hannunta. Shi kuwa cewa ya yi, «Ku shigo mana, gawar ma yanzu za ta sha kofi.» An yi dariya, amma wannan ƙungiya ba ta ɗauke shi abin dariya ba. Mutanen da ba su san fuskarsa ba, ba su da hurumin kiransa nasu.

Katakon da kakana ke fiƙewa shi ne sauran labarin. Da muka fito daga ofishin muka zaga ta bayan zauren za mu hau bas, sai ga daɓen nan a tule kamar bola, ruwan sama ya jiƙa na sama, ana jiran motar da za ta kwashe shi a kai a ƙone. Shugaban ma'aikatan, Allah ya saka masa, ya ce, «Kawu, in kuna so ku kwashe, aiki kuka rage mana.» Kakana ya shiga juya katakan da sandarsa har ya gane matacce ta jan fentin layin kusurwa. Da ya kifa shi, sai ga rubutu a bayansa da fensirin kafinta, manyan baƙaƙe masu karkata hagu, waɗanda duk wanda ya taɓa karɓar wasiƙar marigayi zai gane. Kalma ɗaya ce: Milunka.

Ashe marigayi ne da kansa ya shimfiɗa shi. Watanni kafin ya goge mata yatsu, ya durƙusa a kusurwar nan ya rubuta sunanta inda ba mai gani, ya yi sauri ya kifa kada abokai su kama shi, a garin sauri ya manta bai sa ƙaramin katakon da ake tokarawa a ƙarƙashi ba. Goggo ta karanta, ta zauna a kan tulin cikin baƙaƙen kayanta, ta ce, «Shekara hamsin da bakwai, wawan nan bai taɓa gaya min ba.» Ta yi dariya har ta koma kuka, muka bar ta ta yi. Kawu Boro, da labari ya kai masa, ya ce a rubuta a wannan sanarwa cewa kotu ta wanke shi, kuma zai karɓi ban haƙurin Kyaftin in sun haɗu.

Saboda haka wannan ƙungiya, da yardar iyalan marigayi, tana sanar da jama'a cewa ta mayar wa ofishin mai girma Darakta da furannin da ya aiko, kuma ba ta ware masa ko wakilinsa lokacin jawabi ba, a coci ko a bakin kabari ko wajen rabon dafaffiyar alkamar sadakar mamaci. Tana roƙon duk wanda ya ga waccan takarda a jikin itace ya ɓalle ta. Ba mu da rigima da ɗalibai, ko da 'yan wasan yanzu, waɗanda shida daga cikinsu suka zo da kansu suka ce su za su ɗauki akwatin tunda kafaɗun dattawa sun gaza. Mun karɓa, mun gode.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga uwarmu Goggo Milunka, da 'ya'ya da jikoki, da dattawan nan huɗu da yanzu ba su kai biyar ɗin da ake shiga fili da su ba. Allah ya jiƙan Kyaftin, ya gafarta masa, ya sa ya huta. Allah ya ba Goggo juriyar kwanakin da ke tafe, musamman bayan addu'ar arba'in, lokacin da baƙi za su daina zuwa gidan ya yi shiru.

Za a yi jana'iza gobe Alhamis. Da ƙarfe goma sha ɗaya na safe za mu tsaya a bakin titi, gaban ƙofar zauren da aka kulle, domin titin dai ba na jami'a ba ne. Kakana da Kawu Sreten sun kwana biyu suna aiki, sun ƙera akwatin daga katakan daɓen, da jan layinsu da sawun takalma, ba su kankare komai ba. Matacce ne a ƙasa, an juya rubutun sama, daidai inda kan marigayi zai kwanta. Goggo za ta rubuta saba'in da ɗaya da saba'in da alli a kan murfin, ta duba agogon mijinta, dattawa huɗu su miƙa wa juna ƙwallo har talatin ta cika. Tagar ofishin mai girma Darakta na kallon wurin, yana iya leƙowa.

Darakta ya hana Kyaftin daƙiƙa talatin a kan katakon nan. Daga gobe a kansa zai kwanta, har ranar da Allah zai tashe mu.

Isidora Lazin
Sakatariya kuma Mai Magana da Yawun Ƙungiyar Zakarun 1969 da Iyalansu
Lipograd