An Ce Sai Na Taya Doki Murna

Inna Griet, ki taimake ni kafin in yi abin da zai sa ku buga hotona a jaridar nan maimakon wasiƙata.

Ƙanwata Jildou shekararta takwas. An haife ta da lalurar ƙwaƙwalwa mai sandarar da jijiyoyin ƙafa. Duk Asabar ina kai ta hawan doki na magani a wata gona bayan garin Drachten. Ba sirdi, bargo kawai, don ɗumin dokin ya sassauta mata cinyoyi, takunsa kuma ya koya wa ƙugunta tafiya. Mutum ɗaya na jan dokin, biyu na gefe. Ni ne na hagu. Tun ranar farko ni ne na hagu, ko ana ruwa ko ana iska, ƙafata cikin kashin doki, hannuna a gwiwarta.

Dokin sunansa Wiebe. Gajere, mai tumbi, kullum kamar yanzu aka tashe shi daga barci. Ba ni da matsala da shi, sai da ya cika shekara ashirin Madam Hiske mai koyarwa ta ce za a yi masa biki.

Inna, kujeru aka jera a da'ira cikin barga! Kofi, kek yanka ɗaya-ɗaya, cuku a faranti. Kuma kamar yadda ake yi a kowane gida a ƙasar nan in ana bikin ranar haihuwa, duk wanda ya shigo sai ya zaga ya ba kowa hannu, ya taya shi murna da mai bikin. "Ina taya ka murna da Wiebe." "Ke ma ina taya ki murna da Wiebe." Dattawa masu jikoki! Jildou ma ta ƙi keken guragunta, wai da sandunanta za ta zaga, hannu bayan hannu, har kofina ya huce. Mai bikin kuwa yana can yana tauna furen da aka rataya masa.

Ni ban gama makaranta ba, gyaran keke nake yi, amma babu littafin doki a laburaren garinmu da ban cinye ba. Doki bai san Asabar ba, balle ranar haihuwa. Da Jildou ta iso gabana ta miƙo hannu, sai na miƙe na faɗa musu haka, da ƙarfi. Na ce ni da nake shan wahala a gefensa ko sannu ba a taɓa yi mini ba, amma an zauna ana taya juna murna da dabbar da ke tusa a tsakiyar darasi. Wiebe ya zabura, ya taka kek ɗin.

Madam Hiske ta ce, "Samari, mai ihu a barga ba ya riƙe mini yaro." Ta ba wani tsohon likitan haƙori gefena. Jildou ta ce ba za ta hau ba in ba hannuna a gwiwarta. Na ce madalla, mu je ki faɗa musu. Ta ce, "Kai ma, Yaya, ba za ka riƙe ni ba sai ka taya Wiebe murna. A kunne. Na hagu."

Makonni ke nan ba ta hau ba. Da safe in ina sa mata takalmi, ina jin ƙafar tana komawa itace. Mama ta daina kallona. Amma ya mutum mai karatu zai sunkuya ya yi wa doki ƙarya a kunne?

Na Gefen Hagu, Drachten

Ɗana na gefen hagu,

Littattafanka ba su yi ƙarya ba, Wiebe bai san an yi biki ba. Kuma ka cancanci sannu, ga ta nan daga bakina: sannu da ƙoƙari. Amma Madam Hiske ma tana da gaskiya. Dokin da ke ɗaukar irin su Jildou ba a ɗaga murya kusa da shi, ko da kuwa abin da ake faɗa daidai ne.

Yanzu koma ka karanta wasiƙarka, tunda kai mai karatu ne. Ka ce yarinyar ta bar kekenta, ta zaga da'irar nan duka da ƙafafunta, kai kuma abin da ka gani shi ne kofi ya huce. Ta gaisa da kowa, ta iso gaban wanda ya fi kowa sanin nauyin wannan ƙafa, ta miƙa hannu. Hannun nan har yau yana nan a miƙe.

Ranar Asabar ka sayi karas. Ka ba Madam Hiske haƙuri, ka gode wa likitan haƙori, ka sunkuya a kunnen hagu ka faɗa a hankali. Doki ba zai gane ba. Wadda ke tsaye a bayanka da sanduna za ta gane.

Allah ya sassauta ƙafar, ya sassauta harshen. Ni ma, ɗana, ina taya ka murna da Wiebe.

Inna Griet