Ni na zuba masa da hannuna

Anti Perpetua, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Mijina Caetano mai gashin burodi ne a garin Margao. Da can mashayin feni ne, barasar kashun nan tamu, har daga cikin kwata na sha tsamo shi. Ranar baftismar 'yarmu ya dafa gicciye ya rantse ya bari, ya kuma cika alkawari har yarinyar ta yi aure. Ko a bikinta soda ya ɗaga.

Bara ciwon zuciya ya kayar da shi a bakin tanda, ga ciwon suga. Maƙwabciyata ta ce jar giyar inabi na wanke jijiyoyi, wai Turawa da ita suke tsufa. Ni ban taɓa sha ba, ban san kanta ba. Wadda ake yi a garin Nashik ta fi ƙarfin aljihuna, sai mai shago ya miƙo mini fot, giyar inabin nan mai zaƙi mai araha, ya ce ai duk ja ce. Kullum nakan zuba masa ɗan kofi da sunan magani bayan shinkafa da miyar kifi. Ranar farko ya daɗe yana kallona kafin ya ɗauka.

Yanzu kwalbar ba ta raguwa, launinta ne ke koɗewa, ashe ruwa yake ƙarawa. Jiya kuma na ji warin kashu a rigarsa. Da na yi magana, ya ce ba ni ce na kira ta magani ba? Tsoro nake ji, Anti. Wace giya ce mai sauƙin kuɗi, marar zaƙi, da za ta gyara zuciyar ba tare da ta ja shi ba?

Matar mai burodi

'Yar'uwata,

Babu irin wannan giyar, a Nashik ko a ko'ina. Zancen jar giya da zuciya magana ce da likitoci da yawa suka ja baya a kanta, kuma babu mai hankalin da zai ce wa wanda ya bari ya koma. Fot kuwa ta fi sauran giyar inabi suga da ƙarfi, ga ta tana rikita magungunan zuciya.

Ƙauna ce ta sa ki, ban ga laifinki ba. Shi ma kada ki ɗauke shi maƙaryaci kawai. Mai ƙara ruwa a kwalba kunyarki yake ji, kuma wannan kunyar ita ce abin da ya rage miki ki kama.

Kada ki sake sayowa. Amma ki kai shi wurin likitansa cikin makon nan, ki faɗi komai har da fenin, domin yankewa farat ɗaya na da haɗari ga mai irin zuciyarsa. Ki nemi taron masu barin sha a cocinku.

Kafin duk wannan, ki zaunar da shi ki ce masa kin yi kuskure, ba magani ba ce. Muddin ba ki janye kalmar nan da bakinki ba, da izininki yake sha.

Allah ya ba shi lafiya, ya ƙarfafa ki.

Anti Perpetua