Matar da Ke Zuwa da Safe

Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da 'yata. Ya ƙarfin jiki? Ya baban yarinya da fama da hanya?

Ba zan ɓoye miki ba, hankalina ba a kwance yake ba. Maƙwabciyarki ta faɗa mini wata mata daga ofishin taimakon nakasassu tana yawan zuwa gidanki, tana leƙa ɗakuna tana tambayoyi. Tsorona kada su ce mace a kan keken guragu, mijinta kullum yana tafiya da motar kaya, ba za ta iya riƙon yarinyar da ta fara gudu ba. Kafin ta faɗa hannun baƙi, ki ba ni ita. Ba raba ku nake so in yi ba, Allah ya sani.

Ki huta lafiya.
Yayarki

Yaya,

Na ga saƙonki, muna lafiya. Ƙafafuna ne suka mutu, hannuwana suna nan. 'Yarki ba ta taɓa kwana da yunwa ba. Duk ranar da matar za ta zo, tun da sassafe nake share gida, in tsefe wa yarinya kai, kuma duk abin da ta tambaya in ce ina iyawa. Ba za ta samu abin faɗa ba. Ki gaida yara.

Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki zauna kafin ki karanta, amma lafiya lau ne.

Shekaranjiya ina yi wa 'yarki wanka, ta sulluɓe da sabulu a jiki ta nufi ƙofa. Na miƙa hannu in kamo ta, keke ya kife da ni. Ina kwance a cikin ruwa, ita tana tsaye a kaina tana dariya, ta ɗauka wasa ne. A haka matar ta same mu. Na ce a raina shi ke nan.

Ta ajiye jakarta. Ta naɗe yarinya da tawul, ta durƙusa ta ce in rungumi wuyanta, ta mayar da ni kan keke. Sai na fashe da kuka, na ce, "Don Allah kada ki ɗauke mini ita."

Ta dube ni ta ce, "In kai ta ina? Nawa uku ma sun ishe ni. Tun zuwana nake jiran ki faɗi inda ya fi miki wuya, kina ta ce mini kina iyawa."

Yaya, ashe ƙofofin da take leƙawa faɗinsu take dubawa saboda keke. Jiya ta zo da kafinta. Ya ɗora bahon wanka a kan teburi daidai cinyata, ya kafa ƙarfen kamawa a banɗaki, ya sa sakata inda hannun 'yarki ba ya kaiwa. Yanzu za ta riƙa zuwa da safe ta taya ni wanka da sauka daga gado, sannan ta kai yarinya wurin wasan yara a bakin titi, ni kuma in koma kan ɗinkina. 'Yarki har ta sa mata suna Inna Jaka, saboda ƙatuwar jakarta.

Gwiwar hannuna ta ɗan kuje, ta kuma warke.

Ƙanwarki

Auta,

Alhamdu lillahi. Na karanta na yi kuka, na sake karantawa na yi dariya. Ina nan tafe ƙarshen wata. Ki roƙar mini Inna Jaka ta tsaya ranar, ina so ta koya mini yadda ake ɗaga ki.

Yayarki